A rufe su ko a ci su tara?

Alhaji Mai Tumatir, Mile 12: Salamu alaikum jama'a. Ni maganata ɗaya ce: duk dandalin sada zumunta da ya bari bidiyon ƙarya ya kwana a kansa, gwamnati ta rufe shi. Jiya aka yi ta yawo da wani bidiyo wai ana ƙona rumfunan 'yan Arewa a Legas. Kafin azahar direbobina sun tsaya a hanya suna tambaya ko su juya. Ashe tsoho ne, ba ma a nan aka ɗauka ba. Tumatir kuma ba ya jiran bincike.

Mai Gyaran Waya, Computer Village: Ranka ya daɗe, ai an gwada. A Yunin 2021 aka rufe Twitter bayan ya goge saƙon Buhari, ba a buɗe ba sai Janairun 2022. Mu a nan Ikeja kasuwa ce ta buɗe mana, kowa ya zo a sa masa VPN, manhajar da ake bi ta bayan fage a shiga shafin da aka toshe. Sannan Baba, bidiyon nan ta WhatsApp ya iso ka, ko? Shi ma a rufe?

Alhaji Mai Tumatir: In shi ne mai laifi, me zai hana?

Hajiya Mai Atamfa, Agege: Haba Alhaji! Da shi nake tura wa kwastomomi hoton kaya har Kano. Ka rufe mini shago saboda laifin wani? Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne manhajojin bashi. Wata ƙanwata ta ci bashin da bai taka kara ya karya ba, ta makara da biya, suka kwashe lambobin wayarta suka tura wa kowa hotonta wai ɓarauniya ce, har surukarta. Waɗannan nake so a kama.

Malamin Islamiyya, Idi-Araba: Allah ya kyauta. Amma ku tambayi kanku wa zai riƙe wuƙar. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 da shi aka riƙa kama 'yan jarida, ko da yake an gyara shi a 2024. Wanda ka ba ikon goge ƙarya, gobe shi zai goge kukanka.

Lauya, Obalende: Malam ya taɓo wajen. Kotun ECOWAS ma a 2022 ta ce rufe Twitter ya saɓa doka. Hanyar da ta fi ciwo ita ce aljihu. A Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta ci Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 kan yadda take sarrafa bayanan 'yan Najeriya, kotun ɗaukaka ƙarar hukumar kuma ta tabbatar a Afrilun 2025. Ba a rufe wa Hajiya shago ba.

Alhaji Mai Tumatir: Barista, tara ta shekara guda tana hana tashin hankalin yini ɗaya?

Lauya: Ba ta hanawa, Alhaji. Shi ya sa nake cewa a tilasta wa kamfanonin ɗaukar masu jin Hausa sosai, waɗanda za su gane zambo da habaici, kuma a ba wanda aka goge wa saƙo damar ƙorafi.

Mai Gyaran Waya: To kafin nan, wa ya turo bidiyon cikin wannan zauren? Sunansa na nan fa.

Hajiya Mai Atamfa: Kai yaro, bar tone-tone.