Wai meye sunan mai mekup ɗin fim da Hausa?

Jama'a ku kawo ɗauki. Jiya a wani ofis a Zoo Road da ke Kano muna jera sunayen ma'aikatan da za su fito a ƙarshen shiri, darakta akwai, mai ɗaukar hoto akwai, da aka zo kan yarinyar da ke mana mekup sai kowa ya yi shiru, wani ya ce a sa mai kwalliya kawai a wuce wurin.

Ni fa ban yarda ba. Mai kwalliya ai ita ce ake kira gidan biki, jagira, janbaki, amarya ta fito shar. Ita kuwa wannan da idona na gani a lokeshan ta zaunar da yaro ko talatin bai kai ba, ta liƙa masa furfura da gam, ta zana masa tamoji a goshi, ya miƙe ya zama kakan wani. Washegari ta yi wa jaruma rauni a kunci, jinin ma zuma ce da jar kala, sannan ta ɗau hoto a waya don bayan sati biyu in an dawo ƙarasa sin ɗin dole raunin ya koma inda yake, kar ya tashi daga hagu ya koma dama 'yan kallo su yi mana dariya. To wannan kwalliya ce? Sana'a ce mai zaman kanta, ko a Oscar, bikin ba da kyaututtukan finafinai na Amurka, tun 1982 ake ba su kyautarsu daban.

Da na yi tambayar a intanet, wani a komen ya ce mai ɓad da kama. Haba malam, ai sai a zaci 'yar damfara ce. Mai shafe-shafe kuwa a Kano kowa bilicin zai kawo a ransa. Mai rikiɗa, wannan sai ka ce maita.

Abin ma ba baƙo ba ne wurinmu, da azumi yara masu tashen tsoho da gemu ba auduga suke liƙawa a haɓa ba? Kama suke sauyawa.

Don haka ni na tsaya a kan mai gyaran kama. Ya ɗauke mai tsufar da yaro, ya ɗauke wadda ke shafa wa mai karanta labarai a talabijin hoda don kar goshi ya riƙa ƙyalli a fitila, namiji ne ko mace duk ya shiga.

Haka muka rubuta. Da na nuna mata na ce ƙanwata ya kika gani, cewa ta yi yaya ku sa ko me, in dai cikon kuɗina zai fito.