Ƙwayoyin silika masu fuska biyu: yaya za a yi in babu injin feshin zinare?

Ɗalibi, Samaru: Assalamu alaikum malamai. Ƙwayoyin silika nake haɗawa ta hanyar Stöber, wato TEOS (sinadarin da silikar ke fitowa daga gare shi) da etanol da amoniya, girmansu kusan maikiron 1. So nake gefe guda na kowace ƙwaya ya ƙi ruwa, ɗaya gefen ya riƙe cajinsa, don su riƙa haɗuwa da kansu ta wurin facin kaɗai, wato gefen da ya ƙi ruwa. Injin feshin zinare, wanda aka saba lulluɓe gefe guda da shi, babu. Mene ne mafita?

Malamin kemistiri: Wa alaikumus salam. Bi hanyar kaki, wadda su Steve Granick suka fitar a 2006. Narkar da kakin farafin a ruwa mai zafin digiri 75, ka zuba ƙwayoyin, ka kaɗa da ƙarfi. Za su lulluɓe kowane ɗigon kaki kamar garin ƙuli a jikin tsire, rabi ciki rabi waje. In ya huce kakin ya daskare, ka tace, ka wanke sosai. Nan ake yawan sakaci: duk ƙwayar da ba ta kama kaki ba, silen (sinadarin da ke sa fuskar ƙwaya ta ƙi ruwa) zai shafe ta gaba ɗaya, ita ce za ta dunƙule maka samfuri. Sai ka shafa silen a fuskar waje cikin metanol, daga ƙarshe ka narkar da kakin da kulorofom, a akwatin zuƙe hayaƙi don Allah.

Malama, Kongo: Malam ya gama magana, sai dai tsurar silika tana son ruwa ƙwarai, ba ta nutsewa cikin kaki. Ƙara ɗan CTAB ko DDAB, sinadarai masu kama da sabulu, ƙasa sosai da milimola 1. Gwargwadon yawansa, gwargwadon nutsewar ƙwayar, facin kuma ya ƙanƙance. Ya yi yawa, cajin ya juye. Kada ka taɓa silen ɗin OTS cikin toluwin, kakin zai narke kafin ka fara; nemi silen mai metoksi. Kuma da bazarar Zariya, zaɓi kaki mai narkewa wajen digiri 60, ka yi aikin da sassafe. Kaki ya yi laushi, ƙwayoyin su juya, fuska biyu ta koma ɗaya.

Ɗalibi, Samaru: Na gode, Malama. To da wannan zan samu saƙar kagome, wato jerin ƙwayoyi mai kama da saƙar kwando?

Malamin kemistiri: A'a, ɗana. Kagomen da su Granick suka samu a 2011 ya fito ne daga ƙwayoyin folistirin masu faci biyu, sama da ƙasa, a gishirin milimola 3.5. Faci ɗaya curi-curi yake bayarwa. Gishiri kuwa a hankali ake ƙara shi: a milimola 1 tazarar Debye, wato nisan da cajin ƙwaya ke tasiri, kusan nanomita 10 ce, a 100 ta faɗo zuwa 1, komai ya manne ba tsari. Kafin nan, ware kaɗan tun suna jikin kaki ka shafa musu silen ɗin APTES, ka rina da FITC, rini mai haske. In rabin ƙwaya ne kawai ke haske a maikiroskof, ci gaba.