Shawarwari Kan Kare Kayan Kallo Daga Hawa da Saukar Wuta a Legas

A tattaunawar da wasu masu gyaran lantarki da masu gidajen kallon ƙwallo suka yi a Agege, an fi tsayawa kan bambancin sitabilaiza da na'urar tare bugun wuta, domin da yawa suna ɗauka aikinsu ɗaya ne. Sitabilaiza tana daidaita wuta idan ta yi ƙasa ko ta haura volt 230, ita kuwa ɗayar tana karkatar da bugun da ke zuwa farat ɗaya, lokacin tsawa ko sa'ad da aka dawo da wuta, kuma ƙarfin kariyarta yakan ragu ƙwarai a gidan da ba a kafa wayar ƙasa (wato wayar da ke zubar da rarar wuta cikin ƙasa) da kyau ba.

An ba da shawarar a haɗa jimillar wat (ma'aunin wutar da na'ura ke ja) na talabijin da dikoda da amfilifaya kafin a tafi kasuwar kayan lantarki ta Alaba, a sayi sitabilaiza mai rarar ƙarfi wadda ke jinkirta sakin wuta bayan an kunna janareta. Kada firji ya raba soket da su. Na'urar tare bugu tana cinyewa a hankali, don haka idan ƙaramar fitilarta ta mutu a sauya ta, sannan a cire wayar dish idan hadari ya taso.