Shawarwarin masu gwajin sabuwar manhajar Second Life

Masu gwada sabuwar manhajar Second Life, wata duniyar kwaikwayo ta intanet, kafin a sake ta ga jama'a sun tattauna kan kai rahoton matsala, kuma bakinsu ya zo ɗaya: rahoton da ya tsaya a "abu ya ƙi aiki" ba ya amfanar kowa. Ma'aikatan Linden Lab, kamfanin da ya ƙirƙiri Second Life, ba sa iya gyara abin da ba su iya maimaita shi a kwamfutarsu ba. Don haka a rubuta matakan dalla-dalla: na shiga yanki kaza, na canza wa mutum-mutumin da ke wakiltata a ciki riga, hannunsa ya ɓace, na sake yi, ya sake ɓacewa. A haɗa da hoton allo da bayanan da ke ƙarƙashin Help, About Second Life a menu na manhajar, inda lambar sigar manhaja da nau'in katin zane (ɓangaren kwamfuta mai fitar da hoto a allo) suke. Wannan ce shawarar da na fi ba muhimmanci, domin sau da yawa laifin na direban katin ne, wato manhajar da ke sarrafa katin.

Sun kuma ce a yi gwaji mai haɗari a Aditi, duniyar gwaji, a bar Agni inda kowa yake. Kuɗin Linden (kuɗin da ake ciniki da shi a Second Life) da aka kashe a Aditi ba ya taɓa asusunka na gaskiya.

Kafin ka aika, duba ko wani ya riga ka. In haka ne, ƙara bayaninka a nasa. Kowace matsala da rahotonta. Kada kuma a goge tsohuwar manhajar, da ita ake gane ko matsalar sabuwa ce.