Masu ɗinkin sha'awa, yaushe kuke samun zama kan keke?

Maman Ihsan, Kano

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ga waɗanda ke ɗinki don jin daɗin ransu ne kawai, ba don kuɗi ba. Ni malamar firamare ce, yarana huɗu, autar ko yaye ta ban yi ba. Keken Butterfly mai ƙafa da aka sa mini a kayan ɗaki yana lungun falo lulluɓe da zani, yanzu ya zama wurin ajiye rimot da jakunkunan Islamiyya. Tun dogon hutun bara na fara haɗa bargo da guntayen atamfar da na tara, yawanci ragowar ankon bukukuwan gidanmu. Na yanka ƙyallaye sittin da wani abu, na haɗa layi uku, daga nan ban sake ɗora ƙafa a kan keken ba. Ina dawowa ƙarfe biyu, ga girki, ga kai yara Islamiyya, ga littattafan ɗalibai da zan duba, kafin a idar da isha'i idona ya soma rufewa. Abin da ya fi ci mini rai, duk wanda ya ga keken sai ya ce, "To ki riƙa karɓar ɗinki mana." Ni fa ba tela nake son zama ba. Don Allah masu irin wannan hali, ya kuke yi?

Hajiya Ladi, Jos

Wa alaikumus salam ƙanwata. In kina jiran ranar da za ki tashi babu aikin komai ki zauna kan keke, to sai kin aurar da autar taki. Ni ma haka na yi ta jira lokacin ina aikin jinya, har na gane ranar ba ta zuwa.

Bari in yi miki lissafin da na yi wa kaina sanda zan yi wa ɗana bargon tafiya makarantar kwana, kin dai san sanyin Jos a watan Disamba ba ya wasa. Na yanka kowane ƙyalle inci 5 tsawo, inci 5 faɗi. In an cire abin da ɗinki ke ci a gefe da gefe, saura inci huɗu da rabi. Gadon ɗalibi yana son 12 a faɗi, 18 a tsawo, wato guda 216, bargon ya tashi inci 54 da inci 81. Jin 216 sai gaban mutum ya faɗi. Amma na ce wa kaina shida kawai a rana. Shida ba ta fi minti goma sha biyar ba, tsakanin sallar asuba da tashin yara. Kwana 36 ke nan a lissafi. A zahiri na ci wata biyu da 'yan kwanaki, don an yi rasuwa a dangin maigidana, na yi mako biyu ban taɓa ba.

Kuma ki daina lulluɓe keken nan. Muddin sai kin kwashe jakunkuna, kin yaye zani, kin nemo zare, kin naɗa kwarkwaro kafin ki fara, minti goma sha biyar ɗin sun tafi. Ni da daddare nake jera ƙyallayen gobe bibbiyu a faranti, fuska na kallon fuska, in cika kwarkwaro uku in ajiye.

Kuskure ɗaya da na yi, kada ki maimaita: ban wanke ƙyallayen ba kafin in yanka. Akwai wata jar atamfa a ciki, wankin farko ta zuba, duk farin da ke kusa da ita ya koma ruwan hoda. Ki jiƙa kowace kala daban, ki goge, sannan almakashi. Kuma atamfa da atamfa za ki haɗa. In kin cusa leshi ko wani yadi mai santsi a tsakani, bayan wanki wani ya tsuke wani bai tsuke ba, bargon ya yi ta tudu da kwari.

Ummu Sadiq, Zariya

Maman Ihsan, maganar "ki riƙa karɓar ɗinki" ce ta sa na kasa wucewa. Ke ma gara ke, masu cewa ki karɓi kuɗi ne. Ni nawa kyauta suke so. Ranar da na yi gangancin ɗinka wa 'yata doguwar riga ta saka zuwa suna, daga ranar na zama telar dangi. "Anti, ɗan kama mini nan." "Yaya, zif ne kawai." Ƙanwar maigidana ta taɓa kawo mini turmi uku ana saura kwana shida Sallah ƙarama, wai telanta ya ce ya rufe karɓa tun goma ga azumi. Ga aikin buɗa baki, ga sahur, na kwana biyu ina taka keke har ɗaya na dare, kayan yarana kuwa sai ranar hawan Daushe na gama su. Ko zaren ba ta saya ba. Da ta zo karɓa cewa ta yi hannun ya ɗan yi mata yawa.

Bayan Sallar na ce keke ya lalace. Allah ya yafe mini, bel kawai na cire na ɓoye a ƙasan akwati. Wata huɗu na huta. Da na mayar da shi sai na canza salo, na daina ɗinka duk abin da ake sakawa a jiki. Rigar filo, jakar Alƙur'ani ta yara, shimfiɗar jariri, abin kama tukunya. Wanda ya zo da atamfa in ce wallahi hannuna ya kwanta a yankan riga, zan ɓata miki. Babu mai son a ɓata masa sabon turmi.

Fa'iza A., Katsina

Ni kam ku yi haƙuri, ban gane ba. A wannan zamani da mudun shinkafa ya zama abin da ya zama, mutum yana da keke, ya iya, kuma ya ce ba ya son kuɗi? Ko shimfiɗar jariran nan ai ana saye in an ɗora a status.

Ummu Sadiq, Zariya

Fa'iza ƙanwata, babu wanda ya ƙi kuɗi. Amma da zarar kin karɓi na mutum, kin karɓi ranar da zai zo karɓa, kuma kalar da yake so za ki ɗinka ko da ke ba ta yi miki ba. Tun asuba har dare abin da wani ke so nake yi, yara, maigida, shugabar wurin aiki. Rabin awar nan ita kaɗai ce babu mai ce mini "an gama?"

Rabi, Maraɗi

Salamu alaikum. Ni lokacina a tsare yake, don mu biyu ne wurin maigida, kwana bibbiyu muke yi. Ranar da girki ke hannun abokiyar zamana, in yara sun tafi lakwal na share ɗaki, daga hantsi har azahar nawa ne. Ranar girkina ko kallon keken ba na yi. Da farko ita ma kallon mai ɓata lokaci take mini, har sai da ta haihu na yi wa jaririn shimfiɗa da ragowar zannuwan da muka yi anko tare. Yanzu ita ke ɗaukar mini ƙaramin nawa in ta ji ƙarar keke.

Game da ƙyalle, ku yi abota da tela. Nan turmi zane uku ne, yadi shida ke nan kamar naku, kuma duk rigar da aka yanka sai an bar guntaye. Bayan Sallah da kwana biyu ko uku ku je shagonsa, za ku tarar da buhu cike. Wasu masu cusa filo ke kwashewa, wasu a shara suke ƙarewa. Ni na unguwarmu kyauta yake ba ni, ni kuma in aika masa da fura. Sai dai ki zauna ki tsince, rabi bai kai tafin hannu ba. Ƙananan ba na zubarwa, ina tufka su in yi abin goge ƙafa na bakin ƙofa. Keke mai ƙafa kuma kada ki yarda a ruɗe ki ki sayar ki sayi na lantarki. In kuran ya ɗauke, ke kina nan kina aikinki.

Malam Bukar, Maiduguri

Hajiyoyi, ku ba namiji ɗaya wuri. Ni ba ni da keke, hula nake ɗinkawa da hannu. Tun ina makarantar allo na koya, na bari shekara da shekaru, sai bayan 2014, lokacin da Bama ta faɗa hannun 'yan Boko Haram mutanenta suka cika Maiduguri, na riƙa ganin mata da maza a zaune ƙarƙashin bishiyar dalbejiya suna ɗinkin hular da aka san garinsu da ita. Su da ita suke ci. Ni ganinsu ne ya tayar mini da tsohon ƙaiƙayi.

Amfanin aikin hannu shi ne yana shiga aljihu. Hular da zarenta da allura suna cikin wata 'yar leda a motata. Jiran yara a ƙofar makaranta, layin mai, zaman asibiti da mahaifiyata, duk a nan nake yi. Gwanaye suna gama mai kyau cikin 'yan makonni, ni ɗaya takan ci mini wata huɗu ko biyar. In na gama in kai wa masu wankin hula su sa mata sitaci su buge ta. Uku na yi zuwa yanzu, biyu na kan surukina da wana. Abokai a majalisa sun yi mini dariya har sun gaji. Shawarata ga Maman Ihsan, ki raba aikin biyu: na keke a gida, na allura a jaka. Kalmasar bakin bargo ai ba ta buƙatar keke.

Anti Zainab, Houston, Amurka

Maman Ihsan, abin da kike yi sana'a ce mai suna a nan, kwilt suke ce masa, kuma mafi yawan masu yi ba sayarwa suke ba. Garin nan da nake, duk shekara wajen watan Oktoba ko Nuwamba ana babban bajekolinsa, mata daga ƙasashe daban-daban, wasu da jikokinsu. Ranar da na fara shiga na daɗe a tsaye gaban wani bargo, na tuna yadda kakata a Gusau take ɓoye nata na tsumma ƙarƙashin katifa in baƙi za su shigo, don kada a ce talauci.

Su ma a talaucin abin ya yi ƙarfi. Akwai wani ƙauye a jihar Alabama, Gee's Bend, na baƙar fata jikokin bayi. Matan wurin da tsofaffin wandunan aikin gona da buhunan da aka juye suke haɗa barguna don gidajensu ba su da abin ɗumama ɗaki, kuma da dare suke yi bayan an dawo daga gonar auduga. A 2002 aka rataye bargunan nan a gidan adana kayan fasaha na nan Houston, daga nan aka kai su New York, a 2006 har kan sarki aka buga da hotunansu. Layukansu ma ba a miƙe suke ba, don haka in kusurwoyinki ba su haɗu daidai ba kada ki warware.

Yadda suke yi hawa uku ne: fuskar da kika haɗa, auduga shimfiɗaɗɗiya a tsakiya, sai shafi a baya. A gida in ba ki samu audugar ba, tsohon bargo marar kauri ya isa, ki yi shafin da zanen gado. Kada ki ce za ki tura duk wannan kaurin ƙarƙashin Butterfly, za ki karya allura ki karya zuciya. Ki shimfiɗa a tsakar ɗaki, ki bi kowace mahaɗa da babbar allura da zare mai kauri ki ƙulle, ki yanke. Ihsan ma za ta iya taya ki ƙullin. Abu ɗaya da nake so a ce ana samu a Kantin Kwari cikin sauƙi shi ne wata wuƙa mai zagaye kamar taya da kamfanin Olfa na Japan ya fito da ita a 1979, tana yanka ƙyalle hawa huɗu a lokaci guda. Yankan da ke cin mini yini da almakashi, da ita awa ɗaya ne.

Ni aikin dare nake yi, kwana uku a mako. Ranar da na sauka ba na iya barci nan take, to wannan awar nake ɗinki kafin motar makaranta ta dawo da yara. Matan ƙungiyarmu ta masu kwilt kuwa, duk tsofaffin Turawa, har roƙona suke in kawo musu atamfa in na je gida.

Maman 'Yan Biyu, Kaduna

Ni gargaɗi kawai na zo yi, tunda kin ce kina da mai rarrafe ko mai tatata. Hasan ɗina yana da wata goma sha huɗu na tsince shi da fil a baki, Allah ya taƙaita bai haɗiye ba, amma ranar jikina bai daina rawa ba har magariba. Tun daga nan ƙidaya nake yi: fil ashirin na fitar, ashirin zan mayar. Na ciro maganaɗisu daga tsohuwar sifikar rediyo, in na tashi sai in bi ƙasa da shi. In na gama kuma ina zame bel daga babbar tayar ƙasa, don yaro yana son taka fedar nan, ɗan'uwansa kuma yatsa yake kaiwa wurin allura. Almakashin yadi ki yi masa maɓoya. Nawa Baban su ya yanka kwali da shi, Husaini kuma ya yi wa kansa aski.

Maman Ihsan, Kano

Allah ya saka wa kowa da alheri, na karanta har sau biyu. Hajiya Ladi, jiya da daddare na kwashe jakunkunan na buga musu ƙusa a bango, na sa wa keken mai, na jera shida a faranti. Yau da asuba huɗu na samu na haɗa kafin autar ta farka. Sai dai akwai jar atamfa har guda tara a layuka ukun da na riga na ɗinka, kuma ban wanke ta ba. Na jiƙa ragowarta a kofi don in gani, ruwan ya yi ja kamar zoɓo. Hajiya, in warware su tun yanzu, ko akwai dabarar da za ta kama kalar?