Neman kalma: me za mu kira whale da dolphin da Hausa?

Malamin Bayoloji, Pantami:
Salamu alaikum jama'a. Masu fassara labarai sun saba rubuta "kifin whale" ko "ƙaton kifi", yara kuma suna kwasar wannan har cikin jarrabawa. Dabbar nan da huhu take numfashi, haihuwa take yi, tana shayarwa. Bindinta a kwance yake, sama da ƙasa take kaɗa shi, na kifi kuwa a tsaye yake, hagu da dama. Suna biyu nake nema, na whale da na dolphin, waɗanda babu "kifi" a ciki.

Alaramma, Jekadafari:
Wa alaikumus salam. A tafsiri hutu muke cewa, kamar a ƙissar Annabi Yunusa (AS). Amma ba na goyon bayansa a nan, don kifin guzurin Annabi Musa (AS) a Suratul Kahfi ma hutu aka kira shi, ga shi a rubutun boko ya yi karo da hutun gajiya. Wanda ya fi dacewa shi ne ambar. Da wannan sunan hadisi ya kira dabbar da teku ya fitar wa rundunar Abu Ubaida, wadda aka kafa haƙarƙarinta mai raƙumi ya wuce ta ƙarƙashi.

Malamar Kimiyya, Bolari:
Allah gafarta Malam, ambar ya zauna, amma ga iri ɗaya kawai, mai ƙaton kai ɗin nan da ake samun turaren ambar daga cikinsa. Shi ya fi sauƙin ganewa daga nesa. Kafar hancinsa ɗaya ce, tana can gaban kai ta hagu, shi ya sa feshinsa ba ya miƙewa sama, sai ya karkace gaba da hagu. Kan ya kai kashi ɗaya cikin uku na jiki, babban namiji yana kai mita 16. Zai kwanta a saman ruwa yana numfashi wajen minti 10, ya ɗaga bindi ya nutse, sai bayan minti 45 ko fiye a sake ganinsa. A tsibirin Dominika ana samunsu duk shekara. Sunan gama-gari kuwa, ni giwar teku nake so.

Mai kiwon kifi, Dadin Kowa:
Malama, a yi hattara. Giwan ruwa kifi ne, kowa a bakin dam ya san shi. In dai za a riƙe "teku" kullum, kuma a mace, giwar teku, to ba za su cakuɗe ba. Dolphin fa, me zai hana ayun teku?

Malamar Kimiyya, Bolari:
A'a Baba, ayu ciyawa yake ci, ba shi da fiffike a baya, na Binuwai bindinsa ma da'ira ne. Yana da ɗan'uwa a Bahar Maliya da gaɓar Afirka ta Gabas, dugon, shi ya cancanci ayun teku. A bar dolfin a yadda yake, bai fi rediyo wuyar faɗa ba.

Malamin Bayoloji, Pantami:
Na yarda da giwar teku da dolfin. Sai dai masu kimiyya ba da girma suke raba su ba, da baki ne: masu haƙori da masu rariya. Masu rariya suna da faranti jere a dasashin sama, irin sinadarin farce, suna kamfatar ruwa su tace ƙananan halittu. Kafar hancinsu biyu, ta masu haƙori ɗaya. Ambar da dolfin duk masu haƙori ne.

A ruwan tsibirai masu zafi, mai rariyar da aka fi gani ita ce mai doro, wadda Turawa ke kira humpback. Fiffikenta na gefe dogo ne ƙwarai, kusan mita 5, feshinta gajere mai faɗi, wajen mita 3. Tana ɗaga bindi kafin nutso, kuma zanen fari da baƙi na ƙarƙashinsa daban yake a kowace ɗaya, da hotonsa ake gane wadda ta dawo. Suna zuwa haihuwa a Tekun Gini, wajen tsibiran Sao Tome da Biyoko, daga Yuli zuwa Oktoba. Na tsibiran Kef Bade, a yammacin Senegal, kuwa daga arewa suke gangarowa, daga Fabrairu zuwa Mayu. Akwai kuma wadda Turawa ke kira Bryde's, ni mai layi uku zan kira ta, don tudu uku ne suka miƙe a saman kanta, yawancin danginta ɗaya gare su. Ita ba ta ɗaga bindi. In ba a ga saman kan da kyau ba, a rubuta "mai rariya" a tsaya nan, ya fi a ƙaƙaba mata suna.

Malamar Kimiyya, Bolari:
A ƙara da feshi: ba ruwan teku giwar teku take tsartuwa ba kamar yadda ake zanawa a littattafan yara, iska ce mai ɗumi daga huhu da ke zama tururi. Iska mai ƙarfi tana karkatar da shi, sai a ɗauki mai doro a matsayin ambar. A jira a ga feshi uku ko huɗu, a duba ta ina iska ke kaɗawa.

Dolfin ma iri-iri ne. Mai juyi yana tsalle ya wulwula a iska har sau 7, da rana yana hutawa a lungun gaɓa mara zurfi, da dare ya fita farauta, kamar yadda ake gani a Hawai. Mai ɗigo kuwa ba a haifarsa da ɗigon, sai ya girma suke fitowa, don haka ƙanana a garke suna ruɗar mutum. Kuma fiffiken bayan dolfin fitowa yake ya nutse tare da lanƙwasar jiki. In ka ga yana yanka ruwa a miƙe, ga wani tsini a bayansa yana lilo hagu da dama, shak ne, shi kam kifi ne.

Alaramma, Jekadafari:
To baƙaƙen nan masu kumburarren goshi, pilot whale, giwa ce ko dolfin?

Malamin Bayoloji, Pantami:
Dolfin ne, Malam, sunan Turancin ne ya ɓatar da mutane, haka ma oka (killer whale) mai fari da baƙi, wanda ya fi kowa girma a dangin. Sai mu ce dolfin mai goshi. Fiffiken bayansa mai faɗin gindi ne, ya matso kusa da kai, shi ke raba shi da sauran baƙaƙen da ke kama da shi.