Koyarwa a ƙananan garuruwan Tailan: waɗanda suka zauna can, ku ba mu labari

Mai tambaya, daga Zariya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. An yi mini tayin koyar da Turanci a wata sakandaren gwamnati a lardin Surin, arewa maso gabashin Tailan, kuma zangon karatu zai fara tsakiyar watan Mayu. Shekarata shida ina koyarwa, aji ba ya ba ni tsoro. Abin da ke hana ni barci shi ne sauran yinin: me zan ci, ina zan yi sallah, albashin yana kai wata? Mahaifiyata ta ce ba za ta sa albarka ba sai ta ji ta bakin wanda ya gani da idonsa. Don Allah duk wanda ya taɓa zama a can ya faɗa mini gaskiya, daɗi da wuya.

Malami a lardin Roi Et

Wa alaikumus salam Malam. Shekarata ta huɗu ke nan a yankin da za ka, Isan suke ce masa. Bari in ba ka yini ɗaya.

Bayan asuba, idan na leƙa ta taga, limaman addinin Buda ne ke wucewa a jere ba takalmi, kowa da ƙoƙonsa, mata sun durƙusa a ƙofar gida suna zuba musu shinkafa. Bakwai da rabi ina makaranta. Ranar da aikin ƙofa ya faɗo kaina nakan riga haka zuwa, in tsaya a bakin ƙofa, yara suna shigowa suna haɗa tafin hannu a ƙirji suna sunkuyar da kai. Wannan gaisuwar da yarensu sunanta "wai". Takwas daidai a ɗaga tuta a rera taken ƙasa, sai addu'arsu, sai jawabin shugaban makaranta, wanda wani lokaci yakan ci rabin darasin farko. Lokacin addu'ar ina tsayawa shiru hannuna a ƙasa. Tun makon farko na yi wa shugabar sashenmu bayanin addinina, kuma har yau ba wanda ya taɓa ce mini don me.

Ajina yara arba'in ne da 'yan kai, sun ajiye takalma a jere a waje. Sunayensu na takarda dogaye ne ƙwarai, amma kowa yana da gajeren sunan da ake kiransa da shi a gida, da shi za ka riƙe su. Suna da ladabi. Matsalarsu kunya: yaro ya san amsa sarai, amma ya gwammace ya yi shiru da ya yi kuskure abokansa su yi dariya. Idan ka zo musu da tsawa irin tamu ta gida, za su rufe baki ruf, kai kuma ka zubar da girmanka a idon malamai, domin a nan ɗaga murya abin kunya ne ga mai ɗagawa. Na ɗauki zango guda kafin in gane cewa sai an sa wasa da nishaɗi a darasi sannan bakinsu ke buɗewa.

Abu biyu za su dame ka. Na farko, sai ka shirya darasi ka shiga aji ka tarar ba kowa, an kwashe su atisayen wasanni ko wani biki, ba wanda ya sanar da kai domin sanarwar ta fita da yarensu a manhajar saƙonni ta Line. Na biyu, da wuya a bar yaro ya faɗi. Wanda bai ci ba za a ce ka sake masa jarrabawa ko ka ba shi wani aiki har ya haye. Wannan har yau yana ci mini rai, don na ga yara sun kai ajin ƙarshe ba sa iya haɗa jimla ɗaya, kuma ba laifinsu ba ne kacokan.

Ka sayi riga ruwan ɗorawa. Kowace rana tana da launinta, kuma ranar Litinin za ka ga kusan duk malamai cikin ruwan ɗorawa. Ka kiyaye taɓa kan yaro ko nuna abu da ƙafa. Maganar gidan sarauta kuwa kar ta fito daga bakinka ko a wayarka, ko da wasa: sashe na 112 na dokar laifukansu ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ne.

Malama a lardin Trang

Yaya, ni a kudu nake, kuma kudu daban take. Nan Musulmi suna da yawa, ina jin kiran sallah daga ɗakina, a ajina akwai 'yan mata masu hijabi, ni ma da nawa nake koyarwa. Da ana ba mutum zaɓi da na ce ka nemi Trang ko Satun ko Songkhla. Ka gaya wa Mama ni mace ce, ni kaɗai nake zaune, kuma ina dawowa daga kasuwar dare a kan babur hankalina kwance. Abin da nake tsoro karnukan layi ne da titi. A hannun hagu ake tuƙi, hatsarin babur kuma yana da yawa. Ka sayi hular kwano mai kyau tun ranar farko.

Malami a wani ƙaramin gari, lardin Khon Kaen

Malama ta faɗi gaskiya, amma tunda Isan za ka, maganar ciki ni zan yi maka ita, don na sha wuyarta.

Naman alade yana cikin kusan komai. Yana cikin romon taliya, yana cikin man suya, wani lokaci a barbaɗa shi a kan abincin da ka ɗauka ganye ne zalla. Kalmar farko da za ka haddace ita ce "mu", wato alade, sai "mai sai mu", wato kar a sa alade. Duk da haka tukunya ɗaya ce da cokali ɗaya. Wata biyu na farko ƙwai da ayaba da burodin kantin 7-Eleven suka riƙe ni, na rame har wandona ya daina zama. Abincin rana na makaranta kuwa ban taɓa ci ba.

Wadda ta cece ni wata dattijuwar malamar lissafi ce. Ta lura kullum ina zaune ni kaɗai da ledar gyaɗa. Gaisuwarsu ta yau da kullum ita ce ka ci shinkafa ko tukuna, ita kuwa da gaske take tambaya. Wata Asabar ta zo da motarta ta ɗauke ni har babban birnin lardi, ta tsaya gaban wata rumfa mai alamar jinjirin wata da tauraro, ta nuna mini da baki. Mai rumfar Musulmi ne, yana sayar da shinkafa da kaza dafaffe da kurkum, khao mok kai. Na yi masa sallama ya amsa, ya riƙe hannuna da hannu biyu. Wallahi sai da idona ya ciko. Shi ya nuna mini masallaci da mahaucin da ke yanka saniya. A yankin nan da yawa daga masu harkar shanu jikokin Fatan ne da kakanninsu suka zo daga wajen Pakistan. Masu soya roti, wata gurasa ta fulawa, a bakin titi su ma galibi Musulmi ne, ka riƙa tambayarsu. A kayan kanti kuma ka duba tambarin halal na majalisar Musulunci ta ƙasar.

Yanzu ni nake girkina, kuma kasuwar garin ta ba ni mamaki. Akwai kuɓewa, akwai zogale, akwai zoɓo da suke jiƙawa su sha da ƙanƙara kamar yadda muke yi, akwai tsamiya har da mai zaƙi, ga rogo da rake da dankali. Furen darbejiya ma ci suke yi. Da yamma za ka ga mai tura amalanke da soyayyar fara, a barbaɗa mata yaji a zuba maka a leda. Ranar da na saya na ci a tsaye, matan kasuwar suka yi ta kiran junansu su zo su gani, don ba su taɓa zaton baƙo ya san fara ba. Tun daga ranar ake yi mini gyara a duk abin da na saya. Shinkafarsu mai danƙo da hannu ake ci, a dunƙula a dangwala, ba za ta yi maka baƙunta ba. Garin shinkafa yana yin tuwo lafiya lau.

Ɗakina da fanka da banɗaki bat 3,500 na kuɗin Tailan nake biya a wata. In kana girki, albashin zai kai ka har ka aika wani abu gida.

Wanda ya yi shekara uku a lardin Fitsanulok ya dawo gida

Ƙanena, sun ba ka labarin aji da na tukunya. Ni na takarda zan ba ka, don a nan na ƙone.

Ta hannun wani dillali na je. Ya ce in shigo da bizar yawon buɗe ido, zai gyara komai in na iso. Na yi wata huɗu ina koyarwa ba takardar izinin aiki, kullum gabana yana faɗuwa, shi kuma yana yankar rabonsa daga albashina kafin ya iso hannuna. Kar ka yarda da wannan. Makaranta ta aiko maka da takardun ɗaukar aiki, ka nemi bizar aiki, wadda ake kira Non-B, tun kana gida. Ofishin jakadancinsu yana Abuja. In ka isa sai takardar izinin aiki, sai izinin koyarwa na majalisar malamai, Khurusapha, wanda akan fara da na wucin gadi na shekara biyu. Ka tafi da asalin takardar digirinka da sakamakonka da takardar 'yan sanda ta shaidar ba ka da laifi. Nijeriya ba ta cikin ƙasashen da suke lissafawa a matsayin masu Turanci tun haihuwa, don haka za a nemi sakamakon jarrabawar Turanci ta TOEIC.

Duk kwana 90 sai ka sanar da hukumar shige da fice inda kake zaune, in ka makara tarar bat 2,000 ce. Mai gidan da kake haya shi ma sai ya cika takardar TM30, ta sanar da hukuma cewa baƙo na zaune a gidansa. In za ka fita ƙasar, ko hutu za ka zo gida, ka karɓi izinin sake shiga kafin ka tashi, in ba haka ba bizarka ta mutu. Ka karanta kwantiraginka da kyau ka ga ko na wata 12 ne. Wasu ba sa biyan Afrilu, lokacin dogon hutu, wasu har da Oktoba.

Sai maganar da ba a son faɗa. Ni bat 22,000 nake karɓa, wani Bature da muke ofis ɗaya, bai taɓa riƙe alli ba kafin ya zo, yana karɓar 35,000. In za a ɗauki hoton tallan makaranta shi ake sa wa a gaba. Akwai uwar da ta zo ta nemi a canza wa ɗanta aji tun kafin ta ji na buɗe baki. Wannan ya yi mini ciwo, kuma ba zan ce maka ya daina ba. Amma a makarantar nan ce ranar Wai Khru, wata Alhamis a watan Yuni da ɗalibai ke girmama malamai, yara suka zo a kan gwiwoyinsu suka ajiye mini faranti na furanni da suka kwana suna shiryawa. Na yi koyarwa a gida shekara takwas ban ga irin wannan ba. Ranar da zan taho, 'yan ajina suka biyo ni har tashar mota.

Mai tambaya

Allah ya saka da alheri, Yaya, Allah ya mayar maka da abin da aka ci naka. Tawa makarantar ce da kanta ta tuntuɓe ni, amma gobe zan sake duba maganar wata 12. Saura biyu: Juma'a fa? Kuma yaren yana koyuwa?

Malami a lardin Khon Kaen

Juma'a ranar aiki ce. Ni na roƙa tun kafin a fitar da jadawali a bar mini bayan azahar ɗin Juma'a ba darasi, aka yi mini. Zuwa masallacin tafiyar minti arba'in ce a babur, kuma da damina ba kullum nake samu ba. Azahar da la'asar na sauran ranaku a ɗakin ajiyar littattafai nake yi, mai shara ce ta ba ni makulli. Azumi ya fi wuya in ya faɗo cikin zafin Maris da Afrilu, kuma ranar Sallah sai ka nemi izini da kanka, gari bai san ana yi ba. Nakan kira gida da bidiyo in ga an fito idi. Mun riga Nijeriya da awa shida, lokacin da suke tafiya filin idi mu rana ta riga ta karkata.

Malami a lardin Roi Et

Yaren kam Bahaushe yana da sa'a. Yadda muke bambanta fari na launi da fari na rashin ruwa da karin murya, haka su ma, sai dai nasu karin biyar ne. Kalmar "ma" tana iya zama zo, ko doki, ko kare. Klai kuma kusa ce ko nesa, ya danganta da yadda ka furta. Kunnenmu ya saba da wannan da kuma dogon wasali da gajere, shi ya sa na riga Turawan da muka zo tare fara ciniki a kasuwa. Rubutun ne mai wuya, baƙaƙe 44. A Surin kuma za ka ji mutane suna Khmer, yaren Kambodiya, a gida, ban da yaren Isan mai kama da na ƙasar Lawos. Kar kwanan wata ya ruɗe ka a takardu, shekararsu ta riga ta Miladiyya da 543.

Kaɗaici yana zuwa ne bayan magariba, lokacin da gari ya yi tsit ba wanda za ka yi Hausa da shi. Roi Et da Surin maƙwabta ne, in ka iso ka neme ni, a watan Nuwamba mu je bikin giwayen garinku tare. Ka gaishe da Mama. In za ka taho ka riƙo mini kuka da daddawa da ɗan kanwa, nawa sun ƙare tun bara. Kilishi kam kar ka ɗauko, ba a barin shiga da nama.